Me ya sa direban da ya san illar gudu yake ci gaba da taka mota?

Duk wanda ya saba hawa motar haya tsakanin Kano da Kaduna ya san wannan yanayi. An cika mota a tasha, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, an yi addu'ar tafiya, an fita gari. Da an wuce Kwanar Dangora sai direba ya saki mota, itatuwan gefen hanya su riƙa wucewa kamar ana jan su, kowa ya yi tsit. A wata tafiya da na yi, wata dattijuwa ce kaɗai ta iya buɗe baki. Ta ce, "Direba, don girman Allah ka rage gudu, iyali muka baro a gida." Ya dube ta ta madubi ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, shekarata ashirin a kan hanyar nan. In kwana bai ƙare ba, babu abin da zai faru." Wani matashi da ke gaba ya karɓe zancen da cewa shi yana da uzuri a Kaduna kafin azahar. Hajiya ta koma jan carbinta, mu sauran babu wanda ya ƙara cewa uffan.

Na daɗe ina juya wannan 'yar gajeriyar magana a raina, domin kusan duk abin da ke kashe mutane a hanyoyinmu yana cikinta. Direban nan ba jahilin hanya ba ne. Ya ga motocin da suka ƙone ƙurmus a gefen titi fiye da yadda ni da kai muka gani, wataƙila ma ya taɓa sa hannu wajen ciro gawar abokin sana'arsa. Idan ka tambaye shi ko gudu yana kisa, zai ce maka yana kisa. Amma ƙafarsa ba ta sauka daga kan totur ba. Tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya sani da abin da yake aikatawa ita ce fagen da masana sauya ɗabi'a suke aiki a kai, kuma ita ce muka fi sakaci da ita.

Girman matsalar ba ya ɓuya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗurran hanya suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a duk shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi ko'ina yawan mace-mace idan aka gwada da yawan jama'arta, alhali motocin da ke cikinta ba su wuce kusan kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba. A Najeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne ya fara shugabantarta. Tun daga lokacin ake faɗakarwa: a rediyo, a allunan gefen hanya, a tashoshin mota, musamman gab da Sallah da watannin ƙarshen shekara. Fiye da shekara talatin ana gaya wa direbobi cewa gudu yana kisa. Da faɗa kaɗai tana gyara hali, da tuni an gama.

A 2011 wata farfesa a Ingila, Susan Michie, da abokan aikinta suka fitar da wani tsari mai sauƙin fahimta. Sun ce kafin mutum ya aikata wani hali, sai abu uku sun haɗu: ya iya, ya samu dama, kuma ransa ya so. Faɗakarwa tana taɓa na farko ne, da ɗan ɓangare na na uku. Na tsakiyan, wato yanayin da mutum yake ciki, wanda ke buɗe masa ƙofa ko ya rufe, shi ne ya fi nauyi a kan direban haya, kuma shi ne allon gefen hanya ba ya iya taɓawa.

Mu dubi lissafin direba. Da yawansu motar ba tasu ba ce. Akwai balas da zai kai wa mai mota kullum ko duk mako, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Akwai kuɗin tasha, akwai na ɗan kamasho, akwai na shingayen da ke hanya, ga mai, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 farashinsa ya ninka ya sake ninkawa. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne na cefanen gidansa. Hanya biyu ce ke gabansa ta ƙara wannan ragowa: ya ƙara yawan mutanen da ke cikin mota, ko ya ƙara yawan sawun da zai yi a yini. Ta farko ita ce lodin wuce kima, ta biyu ita ce gudu da rashin barci. A tashar da ake bin layi, wanda ya riga isa shi zai riga lodi, don haka kowane direba yana tsere ne da abokan sana'arsa ko da bai gan su ba. Idan jami'i ya tsaya a tasha ya ce masa ya rage gudu, abin da ke shiga kunnensa shi ne, "ka rage abin da za ka kai gida." Ribar gudu a hannu take yau da yamma. Haɗari kuwa wataƙila ne, kuma a zuciyarsa na wani ne.

Daga nan ne shan ƙwaya yake shigowa. Direban babbar mota da zai kwana yana tuƙi daga Legas zuwa Kano, ko na ƙaramar mota da ke son yin sawu biyu, yana neman abin da zai hana idonsa rufewa: goro, shayi mai kauri, ga wasu kuma tiramadol da makamantansa. Ana iya kama shi da ƙwaya a hukunta shi, kuma ya dace a yi. Sai dai muddin tsarin biyansa yana buƙatar ya yi tuƙin da jikin ɗan Adam ba zai iya ba, gobe wani ne zai saya. Shi ya sa a ganina maganar sauya halin direba dole ta fara daga mai mota da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu manyan motoci ta NARTO. Tashar da ta rubuta lokacin tashin mota, ta kuma ƙi ba direba layi idan ya iso da wurin da ba zai yiwu ba sai da gudun ganganci, ta cire ribar gudun gaba ɗaya ba tare da ta yi wa kowa wa'azi ba.

Sai maganar "shekarata ashirin a kan hanyar nan." Wannan ba halin direbanmu ba ne shi kaɗai. A 1981 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi ɗalibai masu tuƙi yadda suke ganin ƙwarewarsu. Kashi 93 cikin 100 na Amurkawan da ya tambaya, da kashi 69 na 'yan Suwidin, sun sa kansu cikin rabin da ya fi iya tuƙi. Kowa gwani ne a wurin kansa. Wannan ne ya sa hotunan gawarwaki da motocin da suka murƙushe ba sa yin tasirin da ake zato. Direba zai kalla, ya girgiza kai, ya ce Allah ya jiƙansu, a ransa kuma ya yanke cewa wancan bai iya ba ne. Kowace tafiyar da ya yi gudu ya sauka lafiya tana ƙara tabbatar masa da ra'ayinsa.

Abin da ya fi kama hankalin irin wannan mutum shi ne lissafin da zai iya gwadawa da kansa. Daga Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Wanda ya riƙe gudun kilomita 100 a awa ɗaya zai yi awa 2 da minti 18, wanda ya riƙe 120 zai yi awa 1 da minti 55. Minti 23 ne tsakaninsu, kuma a zahiri ba ya kai haka, saboda shingaye da garuruwan da ke hanya suna tsayar da kowa. A ɗaya ɓangaren, nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: daga 100 zuwa 120 yana ƙaruwa da kashi 44 cikin 100. Motar da ke kan 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka direban da ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 80 ido a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Ƙa'idar Najeriya a babbar hanya mai tagwayen layi ita ce 100 ga ƙananan motocin gida, 90 ga motocin haya da bas, 60 ga tirela da tanka. Direbobi nawa ne aka taɓa zama da su aka yi musu wannan lissafi da Hausa, har da kuɗin man da gudun ke ƙonawa?

Maganar "in kwana bai ƙare ba" kuwa ta fi ƙarfin jami'in hanya. Aƙida ce aka ɗauko aka ajiye a inda ba muhallinta ba, kuma masu gyara ta su ne malamai. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito sananne ne: mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Duba birki da taya kafin a tashi ɗaure raƙuma ne. Haka nan fikihu ya yi bayanin kisan kuskure da diyya da kaffara, kuma direban da ganganci ya sa ya kashe fasinja ba ya fita daga wannan babi don kawai 'yan uwan mamaci sun ce sun yafe, ƙaddara ce. Kusan kowace babbar tasha a Arewa tana da masallaci, limaminsa ya san direbobin da sunayensu. A ilimin sauya ɗabi'a, wanda ya kawo saƙo yana da nauyi kamar saƙon kansa. Maganar da mai kaki ya faɗa aka ɗauke ta barazana, idan ta fito daga bakin limamin tasha ko tsohon direban da kowa ke kira Baba, wani wuri daban take sauka a zuciya.

Gwajin da ya fi kama da halin da muke ciki an yi shi ne a Kenya. Ƙananan bas ɗin haya da suke kira matatu sun yi ƙaurin suna wajen gudu da kisa, kamar dai namu. Wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Georgetown ta Amurka, James Habyarimana da William Jack, suka lura da abin da na gani a motar Kaduna: fasinjoji suna jin tsoro, amma kowa yana jiran wani ya fara magana. Sai suka buga 'yan takardu masu mannewa aka liƙa a cikin motoci, a inda fasinja zai gani, ɗauke da saƙon cewa kada ka yi shiru idan direba yana ganganci, ka yi magana. Ba su liƙa a duk motoci ba. Sun yi ƙuri'a ne, wasu aka liƙa, wasu aka bari, sannan suka bi bayanan kamfanonin inshora don ganin waɗanne ne suka fi yin haɗari. A gwajin farko, mai motoci sama da 2,000 da aka wallafa a 2011, neman diyyar haɗari ya ragu da rabi ko fiye a motocin da aka liƙa wa takardar. Da suka faɗaɗa gwajin zuwa motoci 12,000, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna raguwar tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. Shirin ya shahara da sunan Zusha, kalmar Suwahili mai nufin a ɗaga murya.

Abubuwa biyu daga wannan gwaji sun cancanci mu tsaya a kansu. Saƙonnin da suka fi aiki su ne masu kiran fasinjoji su yi magana tare, a matsayin jama'a. Sannan masu binciken sun haɗa da faɗakarwa ta rediyo, amma ba su iya ganin wani tasirinta a alƙaluman haɗari ba. Ga mu da muka dogara da rediyo a kusan kowace faɗakarwa, wannan abin lura ne. Rediyo yana magana da mutum yana gida ko yana shago. Takardar kuwa tana gaban idonsa a daidai lokacin da gabansa ke faɗuwa, kuma ya san na kusa da shi ma yana karanta ta, direba ma ya san tana nan. Ba ta koya wa kowa sabon abu ba, izini ta bayar.

A ƙasar Hausa shirun fasinja yana da saiwa mai zurfi. Akwai kunya da kawaici, akwai gudun a ce ka cika tsoro ko ba ka da tawakkali, mace kuma tana tunanin a ce ta cika baki a gaban maza. Akwai masu ganin ambaton haɗari a cikin mota kamar kiransa ne. Ga kuma fasinjan da ke zuga direba, wanda zai ce "wannan ai amalanke muka hau" idan an tafi a hankali. Hajiyar motarmu ta yi abin da ya kamata, abin da ta rasa shi ne mutum na biyu. Da ɗayanmu ya ce, "Gaskiya Hajiya ta faɗa, Malam direba a sassauta," da lissafin cikin motar ya juya, domin direba yana iya share mutum ɗaya, amma da wuya ya share mota guda. Duk wanda zai kwaikwayi Zusha a nan, sai ya rubuta saƙon da Hausar tasha, da boko da ajami, da zane ga wanda ba ya karatu, kuma ya sa hatimin ƙungiyar direbobi a jiki don fasinja ya san ba za a sauke shi a daji ba saboda ya yi magana.

Mun kuma ga yadda abu yake lalacewa idan aka tsallake wannan mataki na fahimtar mutane. A ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta wa 'yan acaɓa da fasinjojinsu sa hular kwano. Amfanin hular a likitance ba abin musu ba ne, tana kare ƙwaƙwalwa, tana rage mutuwa ƙwarai. Amma farashinta ya tashi nan take, ga zafin rana, ga fasinja mai rawani ko mai ɗaurin ɗankwali, ga ƙyamar sa hular da kai ɗari ya shiga, har da jita-jitar cewa ana iya yin asiri da ita. Sakamakon shi ne aka ga masu babur a Kano da wasu garuruwa sun kifa ƙwarya ko roba a ka don su wuce jami'ai. Mutanen sun bi siffar doka, sun bar manufarta, domin babu wanda ya tambaye su tun farko me zai hana su sawa. Ɗaura bel, wanda aka fara tilastawa a 2003, ya fi samun karɓuwa a wurin direbobi saboda yana cikin motar, ba sai an saya ba, duk da haka har yau za ka ga direba ya jawo shi ya rataya idan ya hango jami'ai, ya sake shi da an wuce.

Wannan ya kawo mu ga hukunci, domin sauya ɗabi'a ba lallashi ba ne zalla. Abin da bincike kan tsoratarwa ya daɗe yana nunawa shi ne tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci tasiri. Tarar da ba ta da yawa amma babu makawa sai an biya ta fi tara mai tsanani da ake kashewa da na goro. Jihohin Ostareliya sun rage tuƙi cikin maye ne ta hanyar tsayar da direbobi ba zaɓe, ko'ina, kowane lokaci, har kowa ya yarda cewa yau ko gobe zai iya faɗawa. A wurinmu direba ya san inda shingen yake, abokin sana'arsa da ke tahowa zai ƙyafta masa fitila, kuma ya san yadda ake sasantawa. Kowace naira da ta wuce ta taga tana koya masa darasi, kuma darasin ya fi na allon gefen hanya shiga.

Birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ya taɓa shiga irin wannan hali. Magajin garin da ya hau a 1995, Antanas Mockus, malamin lissafi da falsafa ne. Ya rushe rundunar 'yan sandan hanya da ta yi suna wajen cin hanci, ya zuba ɗaruruwan 'yan wasan kwaikwayo marasa magana a mahaɗar tituna suna kwaikwayon duk wanda ya karya doka har jama'a su yi masa dariya, ya raba wa direbobi katuna masu alamar yabo da ta tir don su riƙa nuna wa juna. Daga baya aka riƙa zana tauraro a kan kwalta a duk inda mota ta kashe mai tafiya a ƙasa. Cikin kimanin shekara goma mace-macen hanya a birnin suka ragu da kusan rabi, ko da yake gyaran tituna da sauran matakai sun taka rawa. Ya gano cewa mutanensa sun fi tsoron jin kunya a kan tara. Bahaushe ma haka yake. Allo a tasha mai ɗauke da sunan direban da ya shekara bai yi haɗari ba, da ba shi gaba a layin lodi ranar jajiberin Sallah, zai iya yin abin da tara ba ta yi ba.

Akwai kuma inda ya fi kyau a cire zaɓin daga hannun direba ɗungurungum. Wannan ne tunanin da majalisar Suwidin ta amince da shi a 1997: ɗan Adam zai yi kuskure ko yaya aka horar da shi, don haka a gina hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba. Shingen kankare a tsakiyar titi, tudun rage gudu mai fenti a bakin kasuwa da makaranta, wurin hutawar manyan motoci don kada su jeru a kan kwalta cikin duhu. Na'urar taƙaita gudu da FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a watan Fabrairun 2017 daga wannan tunani ta fito. Sai dai ita ma ta faɗa cikin lissafin balas: direban da aka ɗaure motarsa a 90 alhali abokin layinsa yana 130 zai nemi bakanike ya kwance ta. Tana aiki ne idan an sa wa duk motocin tasha a lokaci guda.

Abu na ƙarshe da gwajin Kenya ya yi wanda mu ba mu cika yi ba shi ne awo. Sun san takardar ta yi aiki, rediyo bai nuna ba, saboda sun ware motocin da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, suka ƙirga. A nan yawancin motocin haya ba sa zuwa wurin inshora bayan haɗari, a gefen hanya ko a ofishin ƙungiya ake sasantawa, don haka wannan ma'auni ba zai yi mana ba. Amma kowace tasha tana da littafin da ake rubuta lambar mota da sunayen fasinjoji, ofisoshin FRSC suna rubuta haɗurran da suka kai ɗauki, sashen gaggawa na asibitocin da ke bakin manyan hanyoyi yana da rajista. Jihar da ta zaɓi tashoshi 20, ta gwada takardar fasinja da littafin lokacin tashi a 10 daga ciki, ta bar 10, ta haɗa waɗannan littattafai uku bayan shekara guda, za ta san wanne ne ya rage gawa a hanyar, kuma kuɗin da za ta kashe ba zai kai na gangamin faɗakarwa guda ɗaya da ake yi da rumfa da kujeru ba.